Daga Fagge Zuwa Rijiyar Lemo: Yadda Bayan Gari Ke Zama Gari

A wannan makon za mu leƙa tarihin unguwannin bayan gari, wato waɗanda ake kafawa a gefen birni, mu ga su wane ne ke cika su. Na zaɓi Kano ne domin a can abin ya fi fitowa fili, amma zancen zai dawo da mu gida.

Wanda ya shiga Fagge a yau, ya ga cunkoson Kantin Kwari, ba zai ce wannan wuri bayan gari ne ba. Alhali haka ya fara. Fagge tana wajen ganuwa ne, daura da Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai. Tarihin baka yana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Zango ce ta fatake, musamman Buzaye masu zuwa da raƙuma daga Azbin ɗauke da gishirin Bilma. Cikin birni na 'yan gari ne, baƙo kuma ya sauke kayansa a waje. Wasu su sayar su koma, wasu su yi aure su zauna, 'ya'yansu su tashi ba su san wani gari ba sai nan.

Zuwan Turawa ya ƙara wa wannan tsari ƙarfi. Sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, layin dogo ya iso a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya buɗe. Sai ga ma'aikatan jirgi da akawu da 'yan kasuwa daga kudu. A 1913 aka keɓe musu Sabon Gari. Kwarori, wato 'yan Labanan da Siriya, aka ba su Fagge ta Kudu, kuma daga sunansu ne aka sami Kantin Kwari. Tudun Wada da Gwagwarwa suka zama mazaunin tsofaffin sojoji da leburori 'yan Arewa da ba Kanawa ba. Duk waɗannan aka haɗa su da suna ɗaya, Waje, har da sarautar Wakilin Waje. Sunan ma kaɗai ya isa ya nuna yadda ake kallonsu.

Sai dai wajen nan ne ya riƙa jan akalar abubuwa da yawa. A Sabon Gari aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950. Rikicin Kano na watan Mayun 1953 a tsakanin Fagge da Sabon Gari ya fi zafi. Rikicin Maitatsine na Disambar 1980, wanda ya ci rayuka sama da 4,000, 'Yan Awaki ce cibiyarsa. Inda baƙi suka taru, nan sabon tunani ke tsira, nan kuma wuta ke saurin kamawa idan hukuma ta kau da kai.

Da Fagge ta cika, sai bayan gari ya matsa gaba. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, ga kuɗin man fetur, ga masana'antun Bompai da Sharaɗa, ga kuma farin 1973 da ya kori manoma da makiyaya daga ƙauyukan Arewa da Nijar. Mutane suka bi titin Katsina suna sauka a Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa. Yawancin filayen nan gonaki ne da masu su suka yayyanka suka sayar, abin da ake kira awon igiya. Mai gona yana son ya fitar da fuloti da yawa, don haka sai ya matse hanya, bai bar filin makaranta ko asibiti ko magudanar ruwa ba. Lungunan da mota ba ta shiga da ambaliyar kowace damina daga nan suka samo asali.

Ƙidayar 2006 ta nuna inda jama'a suka koma. Ƙaramar hukumar Fagge, wadda Rijiyar Lemo ke cikinta, tana da kimanin mutum dubu 200. Kumbotso ta kusa dubu 300. Ungogo kuwa, wadda a da ake yi wa kallon ƙauye, ta haura dubu 360, kusan kunnen doki da Birni da Kewaye. Tun daga wannan shekara ba a sake ƙidaya a Nijeriya ba, wadda aka shirya yi a 2023 ma ɗage ta aka yi. Yaron da aka haifa a Bachirawa bayan ƙidayar ya isa jefa ƙuri'a yanzu, amma alƙaluman da ake dogaro da su wajen rabon ajujuwa da rijiyoyin burtsatse ba su san da shi ba.

To, mu da muka fito daga 'Yargoje da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu shi ne, yau mu ne baƙin da ke sauka a gefen gari. Tun kafin sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, da harin da ya kashe mutane da dama a 'Yargoje a watan Yunin 2024, 'yan bindiga sun riga sun tayar da ƙauyuka. Mutanenmu suna bayan garin Funtuwa da Malumfashi da Katsina da Kano, wasu a kango, wasu iyali guda a ɗaki ɗaya na haya. Kowa yana cewa zaman wucin gadi ne. Allah ya sa haka, amma Buzun da ya sauke raƙuminsa a Fagge shi ma da niyyar komawa ya zo.

Abin da muka sani game da Sabon Gari, mun san shi ne saboda Turawa sun rubuta. Na Kurna da Bachirawa kuwa yawancinsa yana bakin tsofaffi, kuma kullum tafiya suke yi. Idan muka yi sake, haka na mutanenmu zai ɓace.

Saboda haka ga aikin da nake ba kaina, nake kuma roƙonku. Kowa ya zaɓi unguwa ɗaya a gefen garinsu. Ya je wurin mai unguwa da limami da tsohuwar da ta fi kowa daɗewa. Ya tambaya: gonar wa ce a da? Wa ya fara gini, daga wane ƙauye ya zo, me ya taso shi? Yaushe aka fara sallar Juma'a? Ina ake ɗebo ruwa, nawa ake sayar da jarka? Gida nawa ne a layi, mutum nawa ke kwana a kowanne? A rubuta ranar da aka yi hirar, a nemi izini kafin a ambaci sunan kowa, musamman waɗanda suka gudo daga hari. Ko labari ƙagagge mutum ke rubutawa, wannan littafin zai raba shi da taurarin da ba su da unguwa sai "wani katafaren gida".

Wanda ya gama nasa ya kawo mu karanta tare. Allah ya zaunar da yankinmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.