Babban dish shi ne makarantar masu saiti

Sana'ar saita dish a Jega da Aliero da Maiyama ta taso ne kusan tare da jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, shekarar da yaƙin Tekun Fasha ya sa sunan CNN a bakin jama'a. Dish ɗin wancan zamani na masu hali ne: faifan raga mai faɗin kusan mita 3, a kan turken ƙarfe da aka dasa cikin siminti, yana kama zangon C. Mai saiti da idonsa yake aiki. A fito da talabijin tsakar gida, a sassauta noti, a riƙa juya faifan kaɗan-kaɗan ana kallon yayyafin da ke kan allo yana raguwa har fuskar mutum ta fito. Duk wani ilimi mai ƙwari da muke da shi a sana'ar nan daga babban faifai ya samo asali, kuma wanda bai koya a kansa ba hannunsa bai faɗa ba tukuna.

Dalilin a fili yake. Taurarin talabijin suna jere ne a saman layin tsakiyar duniya, nisan kilomita kusan 36,000, mu kuma muna wajen digiri 12 arewa da wannan layi, shi ya sa faifanmu ke kallon sama kamar faranti, yana tara ƙurar hunturu da ruwan damina. Sannan gwargwadon girman faifai, gwargwadon tsukewar inda yake gani. A zangon Ku, ƙaramin dish mai santimita 60 yana yafe kuskuren digiri ɗaya, amma mai mita 3, kaucewar rabin digiri ta isa ta ɗauke hoto. Da DStv ya zo da ƙaramin faifansa, an ɗauka babba ya gama yayi. Sai ga Nilesat daga 1998, ga Arabsat, jama'a na son ganin sallar Harami da tashoshin Larabawa kyauta. Siginar da aka auna ƙasashen Larabawa da ita a raunane take isowa nan, dole aka koma ga babban faifai da haƙurin da yake bukata.

Wasu za su ce wannan duk tarihi ne: StarTimes ya shigo a 2010, Arewa24 ta fara a 2014, na'urar neman sigina ta yi araha, wayar hannu ma tana nuna inda tauraro yake. Gaskiya ne neman tauraro ya yi sauƙi, amma nema ba shi ne gyara ba. Wayar hannu ba ta faɗa maka cewa iskar farkon damina ta karkatar da turke, ko ruwa ya shiga bakin waya ya yi tsatsa, ko an ɗaura LNB, na'urar da ke gaban faifai, ba a murɗa shi daidai ba, alhali a yankinmu murɗin nan yana da yawa ga tauraron da ya yi gabas ko yamma sosai. Ba ta bambance ɗaukewar da ruwan sama ke jawowa a zangon Ku da wadda rana ke jawowa na 'yan mintoci wajen Maris da Satumba, lokacin da ta tsaya daidai bayan tauraro. Wanda bai san waɗannan ba sai ya ɗora wa dikoda laifi, ya sa manomin albasa a Aliero ko mai gidan kallo a Jega sayen abin da bai lalace ba.

Don haka nauyi yana wuyan iyayen gidan sana'ar. Kada a sallami yaro don ya iya ɗaura ƙaramin dish a bango. A sa shi ya dasa turke tsaye cak, ya kama tauraro mai rauni da babban faifai, ya bi matsala daga LNB zuwa waya zuwa dikoda, kafin a ba shi amanar kuɗin mutane.