Daga Igbo-Ora Zuwa Zauren Iya: Waiwaye Kan Tura Ɗalibai Aikin Lafiya a Karkara

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka tura mu, mu takwas, wani ƙaramin asibitin karkara domin sanin makamar aiki na mako shida. Rana ta uku na yi sallama a wani gida riƙe da takardar tambayoyi. Wata dattijuwa ta shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta ba ni ruwa, sannan ta ce, "Ɗan nan, 'yan'uwanka na bara ma sun rubuta sunayen jikokina da irin ruwan da muke sha. Ina takardun suka kwana?" Na ce, "Iya, suna makaranta." Ba ta ƙara cewa komai ba. Wannan shirun nata ne ya sa na koma bin diddigin asalin al'adar da ta kai ni ƙofarta.

Karatun likita a matakin jami'a ya kafu a Nijeriya ne a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, asibitin koyarwarta kuma ya fara aiki a 1957. Manhajar ta Ingila ce: ɗalibi na koyon cuta a gefen gadon asibiti, a tsakiyar birni. Amma a wancan lokacin mafi yawan jama'ar ƙasar a karkara suke, kuma abin da ke kashe 'ya'yansu, wato zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ƙyanda da tamowa, tushensa na cikin kududdufi da rumbu, ba cikin ɗakin tiyata ba. Wanda ya isa asibiti a kwance ƙarshen labari ne; farkonsa yana gida.

Domin cike wannan giɓi aka kafa shirin Ibarapa a garin Igbo-Ora a 1963, da tallafin Gidauniyar Rockefeller, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Theophilus Ogunlesi. Ɗalibai suka riƙa tarewa a garin na makonni, suna shiga gida-gida, suna auna jarirai, suna duba rijiyoyi. A yankin ne aka yi nazari mai zurfi kan kurkunu, da yadda tace ruwa da ƙyalle ke katse yaɗuwarsa. A Arewa kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar likitanci a 1967, kuma a shekarun 1970 Malumfashi ta zama dandalin binciken tsargiya da sanƙarau da saran maciji, da haɗin gwiwar masana daga Liverpool.

Sai taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashe 134 suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙi, kuma sa hannun al'umma haƙƙi ne, ba alfarma ba. Jami'ar Ilorin ta gina manhajarta a kan wannan tunani, tana kai ɗalibai ƙauyuka tun shekarun farko na karatu. Haka ma Jami'ar Jazira a Sudan. Da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya zama ministan lafiya a 1985, ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 a 1986 domin su zama abin koyi, aka haɗa su da kwalejojin likitanci da makarantun fasahar lafiya. A 1992 aka kafa hukumar bunƙasa kiwon lafiya a matakin farko ta ƙasa.

Wannan sauya alƙibla ya yi rana. Ƙidayar ƙarshen shekarun 1980 ta gano masu kurkunu sama da 650,000 a Nijeriya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da shi. Ba allura ko ƙwaya ce ta kawo nasarar ba, domin kurkunu ba shi da su. Matatar ruwa ce, da rijiyar burtsatse, da 'yan sa-kai na ƙauye masu kai rahoto duk wata. Wato ilimin da aka tattaro daga jama'a aka mayar musu da shi.

A nan ne nake ganin muka yi sake. Mun gaji surar shirin, mun bar ruhinsa. Da yawanmu mun ɗauki zaman karkara a matsayin sharaɗin samun maki: a cike takarda, mai kula ya sa hannu, a koma birni. Ƙauye ya zama fagen gwaji, mutanensa sun zama alƙaluma. Alhali wanda ya ba ka sirrin tukunyarsa da makewayinsa, amana ya ba ka.

Kafin mu bar garin, mun roƙi mai gari ya tara mana jama'a, muka karanta musu da Hausa abin da muka gano game da rijiyoyinsu biyu. Iya ta zo, ta zauna a gaba. Ba mu haƙa musu sabuwar rijiya ba, ba mu da ikon haka. Amma kafin mu tafi sun ɗaure bakin guda da siminti, sun yi mata murfi. Da ina da ta cewa a tsangaya, da ba a ba ɗalibi makin aikin karkara ba sai ya koma ya tsaya gaban waɗanda suka amsa tambayoyinsa, ya faɗa musu inda takardun suka kwana.