Daga Teburin Hafsoshi zuwa Kantin Unguwa: Tarihin Wasan Yaƙi da Ƙananan Mutum-mutumi

Wasan yaƙi na kan tebur wasa ne da mutum biyu ko fiye suke jera ƙananan mutum-mutumin sojoji, waɗanda tsayin yawancinsu bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba, a kan teburin da aka shirya da tuddai da kangaye da itatuwa na kwaikwayo, sannan su riƙa auna tafiyar kowane soja da tef ɗin awo, su kuma jefa ƙwayar lido domin a san ko harbi ya samu ko ya kuskure. Ko da yake a yau an fi saninsa a kantunan kayan wasa na Turai da Amurka, tushensa yana cikin horon soja ne a masarautar Purushiya, wadda daga baya ta jagoranci haɗewar Jamus.

A shekarar 1812 Georg Leopold von Reisswitz ya gabatar wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku wani wasan kwaikwayon yaƙi, sai ɗansa, wanda hafsan igwa ne, ya gyara shi ya nuna wa manyan hafsoshi a 1824. Wannan wasa, mai suna Kriegsspiel, ana yin sa ne a kan taswira ta gaske da 'yan gutsattsari masu launin ja da shuɗi a madadin rundunoni, kuma dole a sami alƙali wanda shi kaɗai ya san halin da ɓangarorin biyu suke ciki, yana karɓar umarninsu yana yanke hukunci. Nasarar Purushiya a kan Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871 ta sa rundunonin wasu ƙasashe suka rungume shi.

Yaɗuwarsa a wajen bariki ta jira arahar kayan wasa. A 1893 kamfanin William Britain da ke Landan ya fara zuba sojojin dalma masu rami a ciki, abin da ya rage nauyi da farashi, kuma da irinsu ne marubuci H. G. Wells ya tsara dokokin da ya wallafa a littafin Little Wars a 1913, inda ake wasa a daɓen ɗaki ana kayar da sojoji da 'yar igwar wasa. Babbar gudummawar Wells, wanda mai ƙin yaƙi ne, ita ce taƙaita dokoki har mutum biyu su iya yi wa kansu hukunci ba tare da alƙali ba. Donald Featherstone, mazaunin Southampton, ya farfaɗo da al'adar da littafinsa na 1962, sannan a 1975 ya keɓe wani littafi ga wasan arangama, wato salon da kowane mutum-mutumi yake wakiltar mayaƙi guda mai suna da makami da halinsa, maimakon ya tsaya a madadin sojoji masu yawa.

Matsalar da littattafai ba su iya warwarewa ba ita ce ta wuri da abokin karawa, domin wasan yana buƙatar tebur mai faɗi da kayan shimfiɗa fage da kuma wanda ya san dokoki iri ɗaya, kuma a nan ne kanti ya zama ginshiƙi. Kamfanin Games Workshop, wanda John Peake da Ian Livingstone da Steve Jackson suka kafa a Landan a 1975, ya buɗe kantinsa na farko a unguwar Hammersmith a 1978, ya fitar da wasannin Warhammer a 1983 da Warhammer 40,000 a 1987, daga baya ya tare a Nottingham. Kantunansa sun saba wa jama'a da tsarin da baƙo zai shigo a koya masa wasa da shafa fenti nan take, kuma ya dace a yaba wannan tsari, tunda ya buɗe ƙofa ga yaron da ba shi da ƙungiya ko wani babba da zai ja hannunsa.

Wasan arangama shi ya fi dacewa da rayuwar kanti, saboda da mayaƙa kamar goma ake yin sa, kuɗinsa kaɗan ne, kuma ana iya kammala shi cikin yammaci ɗaya bayan tashi daga aiki. Wasannin Necromunda na 1995 da Mordheim na 1999 sun ƙara masa wani armashi, inda raunin da mayaƙi ya ji ko ƙwarewar da ya samu suke bin sa zuwa karawa ta gaba, ta yadda mutane suke komowa mako-mako domin ci gaba da labarin ƙungiyoyinsu, har sabo ya ƙullu tsakaninsu. Sai dai teburin da ake taruwa a kansa ba ya kawo riba da kansa, cinikin fenti da gam da mutum-mutumi ne yake biyan hayar wurin. Shi ya sa tun da dillalan intanet suka fara sayar da kayan a farashi mai rahusa, masu kantuna masu zaman kansu da dama suka koma karɓar kuɗin hayar tebur ko na shiga gasa domin wurin ya ɗore.