Yadda Bahaushe Ya Tashi Daga Mai Ba Da Magana Ya Zama Mai Bincikenta

Shekaru ɗari da suka biyo bayan fara nazarin Hausa a Turai, aikin Bahaushe a ciki guda ne: a tambaye shi, ya faɗa, wani ya rubuta. Dorugu, wanda Barth ya kai Ingila cikin 1855, shi ne ya zauna da J. F. Schön yana ba shi labari, amma nahawun 1862 da ƙamusun 1876 sunan Schön suka ɗauka. Haka Bargery ya tara ƙamusunsa na 1934 daga bakin malamai da talakawa na garuruwa da dama.

Abin da ya sake wannan tsari shi ne kundin digiri, watau binciken da ɗalibi kan yi shekara da shekaru ƙarƙashin malami mai duba shi. A makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai cikin 1960, bisa ga karin sauti da wasalin ƙarshe, har aka ga dangantakar saya da saye da sayar da sayo da sayu. A Jami'ar nan ce M. K. M. Galadanci ya kammala kundinsa na dakta kan yankin suna cikin 1969. Dauda Bagari kuwa ya gama nasa a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalis cikin 1976, kan jumloli masu dogaro da wasu.

To, a nan akwai abin lura. Malami ya san hanyar bincike, amma ɗalibi ne ya sha harshen a nono. In ka'idar malami ta ce jumla kaza daidai ce, kunnen ɗalibi kuwa ya ƙi ta, wa za a bi? A ganina kundayen da suka yi ƙarko su ne waɗanda malami ya tilasta wa ɗalibi ya kawo hujja, bai bar shi ya tsaya ga "haka muke faɗa" ba, shi kuma bai danne kunnen ɗalibin ba.

Sai dai duk da Ingilishi aka rubuta su. Kafin a yi irinsu da Hausa a Kano da Zariya sai da aka ƙirƙiro kalmomin fannu, irin su aikatau da bayanau da ɗafi, aikin da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano ta sa hannu ciki ƙwarai.