Daga Ma'aunin Turawan Kuza zuwa Tauraron Ɗan Adam

Baƙo in ya ji ana zancen ambaliya a Jos sai ya yi murmushi. Garin da ke kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, ina ruwa zai samu wurin zama? Ai ruwan Jos ba zama yake yi ba, gudu yake yi. Ka tsaya a bakin titi a Abatuwa ranar da aka tafka ruwan Agusta, ka ga yadda yake gangarowa daga kan duwatsu, jawur, ɗauke da leda da takalmin yara.

Waɗanda suka fara auna gangaren nan da gaske ba ambaliya ce ta dame su ba, kuza suke nema. Tun farkon shekarun 1900 Turawan haƙar ma'adinai suka bi rafuka irin su Dilimi da ma'auni, domin a cikin yashin rafi kuzar take kwanciya. Sun karkatar da ruwa, sun bar mana kududdufai birjik. Daga baya aka koma ɗaukar hoton ƙasa daga jirgin sama.

A 1972 Amurka ta harba tauraron Landsat na farko, amma hotunansa sai mai kuɗi, har 2008 da aka mai da su kyauta. Nijeriya ta kafa hukumar sararin samaniya, NASRDA, a 1999, kuma cibiyarta ta nazarin hotunan tauraro a Jos take. Mutanen gari da yawa ba su ma san da zamanta ba. A Satumban 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha, sai NigeriaSat-2 a Agustan 2011, wanda ke iya rarrabe abu mai faɗin mita biyu da rabi.

Ko shekara ba a cika ba, a Yulin 2012, dam ɗin Lamingo ya tumbatsa bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan ya bi ta Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, ya ci mutum fiye da 30 da gidaje wajen 200. A daminar shekarar ambaliya ta raba sama da mutum miliyan biyu da gidajensu a faɗin ƙasar. Daga 2013 hukumar nazarin ruwa ta ƙasa, NIHSA, ta fara fitar da hasashen ambaliya kowace shekara.

Aikin zana taswirar ambaliya kansa kamar jera tabarmi ne a kwamfuta, ɗaya bisa ɗaya: tudu da kwari, yawan ruwan sama, irin ƙasa, hanyoyin rafi, sai gine-gine. Inda gangare ya haɗu da cunkoson gidaje a bakin rafi, a shafa masa ja. Tauraron Turai Sentinel-1, da aka harba a 2014, ya ƙara sauƙaƙa abin, don radarsa na ratsa gajimare, damina kuwa gajimare ne.

Sai dai ma'aunin tudu da kwari na kyauta da aka fi amfani da shi, wanda kumbon Amurka ya ɗauko a 2000, kowane ɗigo nasa mita 30 ne. Kwalbatin da shara ta toshe a lungunmu bai kai mita biyu ba. A taswira unguwar tana iya fitowa kore shar, alhali mai shagon da ke kusa da kwalbatin tun watan Mayu yake jera buhunan yashi a ƙofa, ya ɗaga buhunan shinkafarsa kan benci.