Tun Daga Babel: Tarihin Hukunta 'Yan Wasa Kan Abin da Suka Wallafa

A da, ɗan ƙwallo in ya fusata, maganarsa a ɗakin sauya kaya take mutuwa. Twitter ce ta fito da ita bainar jama'a.

A Janairun 2011, bayan Manchester United ta fitar da Liverpool daga gasar kofin FA, ɗan wasan Liverpool Ryan Babel ya wallafa hoton bogi na alƙalin wasa Howard Webb sanye da rigar United. Hukumar ƙwallon Ingila ta ci shi tarar fam 10,000. Daga nan ƙofa ta buɗe.

Shekarar 2012 ta fi zafi. Ana dab da buɗe gasar Olamfik ta Landan, Girka ta cire 'yar wasan tsalle Voula Papachristou daga tawagarta saboda ta yi wa baƙin haure 'yan Afirka ba'a a Twitter, tana haɗa su da sauro. Shirin shekaru ya tafi a banza kan jimla guda, kuma ba wanda zai ce an zalunce ta.

Shari'ar Edinson Cavani, ɗan Uruguay da ke buga wa Manchester United a lokacin, a 2020 ce ta raba kan mutane. Ya gode wa abokinsa a Instagram da kalmar da 'yan Uruguay ke ɗauka ta ƙauna, amma a Ingila ana jin ta a matsayin wariyar launin fata. Mutanen ƙasarsa sun tsaya masa, suka ce ba a fahimci harshensu ba. Shi bai ɗaukaka ƙara ba. Ya biya fam 100,000, ya zauna wasa uku a waje.