Tarbiyyar Benci: Mai Horarwa da Ɗan Wasan Ƙwallon Hannu

Masu nazarin wasanni sun daɗe suna da'awar cewa ƙwallon hannu yana gadar wa matashi haƙuri da riƙon amana da iya zama da jama'a. A ganina wannan da'awa tana buƙatar gyara, domin wasan a kan kansa ba ya tarbiyyantar da kowa. Abin da ke gyara ɗabi'ar yaro, ko ya ɓata ta, shi ne irin mu'amalar da ke tsakaninsa da mai horar da shi, kamar yadda ɗalibin zaure yake ɗaukar ladabi daga zaman malaminsa tun kafin ya fahimci matanin littafi.

Hujjata tana cikin dokokin wasan. Kasancewar ana canja 'yan wasa babu iyaka, ba tare da an tsayar da wasa ba, ya danƙa wa mai horarwa ikon da takwaransa na ƙwallon ƙafa bai samu ba; idan ya fitar da yaro saboda kuskure guda, ya kuma bar wani ɗan gaban goshinsa yana maimaita irin kuskuren, to ya karantar da sauran cewa adalci magana ce ta baka kawai, alhali kuwa bai furta kalma ko ɗaya ba.

Babbar jarrabawa ita ce dakatarwar minti 2. Ga yaro ya dawo benci yana huci, gumi na tsiyaya daga haɓarsa, abokansa 6 suna can suna fama da mutum 7 saboda laifinsa. Wani kocin zai juya masa ƙeya, wani ya kunyata shi gaban 'yan kallo, amma mai hikima zai miƙa masa ruwa, ya ce, "Zauna, ɗana. Ka ga inda hannunka ya kai wuyansa?" Da wannan tambaya yaro yake koyon amsa laifi da haɗiye fushi, musamman da yake ya san dakatarwa ta uku za ta raba shi da wasan baki ɗaya.

Matan Nijeriya sun ci kofin Afirka a 1991, suka je gasar Olamfik ta Basalona a 1992, amma mafi yawan masu buga wasan nan kasuwa da ofis da gona za su koma. Saboda su ne nake ganin wajibi ne hukumar ƙwallon hannu ta ƙasa ta riƙa bincikar halin mai horarwa, kamar yadda ake bincikar takardunsa, kafin a damƙa masa 'ya'yan mutane.